Adam Mickiewicz, Mawaƙin Da Aka Raba Da Ƙasarsa

Mu da aikinmu ya ke horad da malamai, ba mu rasa jin ƙorafin samarin da aka tura koyarwa garin da ba su so. Shi ma Adam Mickiewicz, babban mawaƙin mutanen Folan, ta nan ya fara.

An haife shi cikin Disamba 1798 a yankin Nowogrodek, wanda yanzu ke cikin ƙasar Belarus. Gidansu gidan asali ne, amma ba wata dukiya. Shekara uku kafin haihuwarsa Rasha da Ostiriya da Farusiya sun gama raba ƙasar Folan tsakaninsu, watau ya buɗe ido ya tarar mutanensa ba su da mulkin kansu.

Da kuɗin gwamnati ya yi karatu a jami'ar Vilnius, bisa sharaɗin zai koyar in ya gama. Saboda haka cikin 1819 aka tura shi makarantar Kaunas. Aikin ya gundure shi ƙwarai, amma a shekarun nan ne ya fid da littafin waƙoƙinsa na fari, cikin 1822. Tun yana ɗalibi kuwa ya shiga wata ƙungiyar asiri ta samari masu son ilmi. Da hukumar Rasha ta gano ta, sai aka tsare shi cikin 1823, aka kore shi zuwa cikin Rasha a 1824. Tun daga ran nan bai ƙara ganin ƙasar haihuwarsa ba.

Ya sami fita daga Rasha cikin 1829, daga bisani ya zauna Faris. A can, cikin baƙunci da rashi, ya buga Pan Tadeusz a 1834, doguwar waƙa mai babi 12. A ganinmu abin mamakinta shi ne, mutumin da ya isa ya cika ta da kuka sai ya cika ta da farauta da girki da rigimar maƙwabta, don 'yan'uwansa masu gudun hijira su tuna gida. Alli ma bai rabu da shi ba, gama ya koyar a Lausanne, sa'an nan a babbar kwalejin Faransa daga 1840, har hukuma ta dakatad da shi a 1844.

Lokacin yaƙin Kirimiya ya tafi Santambul don ya taimaka a tara rundunar mutanen Folan da za ta yaƙi Rasha. Can ciwo ya kama shi ana cikin annobar kwalara, ya rasu ran 26 ga Nuwamba 1855. Aka binne shi a Faransa, sai cikin 1890 aka ɗauko ƙasusuwansa aka kai Krakow, aka ajiye su a majami'ar Wawel inda sarakunan Folan ke kwance.