Galileo Galilei: Masanin da ya auna lokaci da igiya da ruwa

An haifi Galileo Galilei a birnin Pisa na ƙasar Italiya ranar 15 ga Fabrairu, 1564. Mahaifinsa Vincenzo, masanin kiɗa, ya so ɗan ya zama likita, amma lissafi ya rinjayi zuciyar yaron, har ya bar Jami'ar Pisa a 1585 ba tare da takardar kammalawa ba. Duk da haka jami'ar ta ɗauke shi koyar da lissafi a 1589, kafin ya koma Padua a 1592, inda ya shafe shekara 18.

A wancan zamani malaman Turai sun dogara ne ga maganar Aristotle, wanda ya koyar cewa abu mai nauyi ya fi mara nauyi saurin faɗuwa. Galileo ya zaɓi ya gwada da hannunsa. Ya rataye ƙaramin nauyi da igiya, ya bar shi yana lilo, ya gano cewa tsawon igiyar ne ke ƙayyade lokacin zuwa da dawowa, nauyin kuwa ba ya sauya komai. Idan aka ninka tsawon sau huɗu, lokacin yakan ninka sau biyu. Igiya mai tsawon mita ɗaya tana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu kafin ta je ta dawo.

Da ya juya ga faɗuwar abubuwa, sai ya rasa agogon da zai ƙidaya masa daƙiƙa. Ya ɗora tulun ruwa a sama, ya sa masa siririn bututu, yana tarar ruwan a kofi yayin da ƙwallon tagulla ke gangarowa kan katako. Daga nan ya ɗora ruwan a sikeli, nauyinsa ya zama ma'aunin lokaci. Sakamakon shi ne, idan lokaci ya ninka sau biyu, nisan da ƙwallon ya ci yakan ninka sau huɗu.

A littafinsa na 1638, wanda aka buga a Leiden ta ƙasar Holan, ya kuma rubuta cewa famfon da ke zuƙo ruwa daga sama ba ya iya ɗaga shi fiye da kimanin mita 10. Almajirinsa Torricelli ne ya bayyana dalili bayan rasuwarsa: nauyin iska ne ke tura ruwan cikin bututu, kuma ƙarfinsa a nan ya tsaya. Wannan iyaka tana nan har gobe. Manomin rani a fadamar Gummi, ko mai rijiya a Anka da Bukkuyum, idan ruwa ya ja ƙasa da rani, injin da ke bakin rijiya ba zai zuƙo shi ba komai tsadarsa. Shi ya sa ake zura injin rijiyar burtsatse can cikin ruwa, ya turo shi daga ƙasa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. A 1633 kotun Cocin Katolika a Rum ta tilasta masa janye ra'ayinsa cewa duniya ce ke zagaya rana, aka yi masa ɗaurin talala a gidansa na Arcetri. Ya makance, amma a 1641 ya zayyana wa ɗansa tsarin agogo mai aiki da lilo. Ya rasu ranar 8 ga Janairu, 1642, ba a kammala ƙera shi ba. A 1656 Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya ƙera irin wannan agogo, wanda duniya ta dogara da shi kusan shekara 300 wajen sanin sahihin lokaci.