Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mawallafin Magana Jari Ce

Duk lokacin da masu karatun Hausa suka zauna muhawara a kan littafin da ya fi cancanta a ba yaro ya fara da shi, da wuya a tashi ba a ambaci Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ba. Haka abin yake daga birnin Katsina har zuwa garuruwa irin su Batsari da Safana da Runka, inda dattawa da dama suka fara saninsu a aji. Mawallafin littattafan biyu shi ne Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu fiye da shekaru arba'in da suka wuce.

An haifi Abubakar Imam a shekara ta 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, kuma a gabansa ya fara karatun allo. Daga baya ya koma Katsina wurin wansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, inda ya shiga makarantar boko. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1927 zuwa 1932, sannan ya fara koyar da Turanci a makarantar Midil ta Katsina.

Gasar 1933

Yana wannan aiki ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko a 1933. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. A lokacin shekarun Imam 22 da haihuwa.

Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam, wanda ya bar gida neman wani ruwa mai warkar da cuta domin ɗan sarki, ya yi ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Barkwanci da iya sarrafa harshe da ke cikinsa suka ja hankalin East. A 1936 ya nemi a ba shi aron malamin zuwa Zariya, inda cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

A littafi na ɗaya, wani aku ne ke ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labarai dare bayan dare domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri maci amana. A na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya koya wa ɗansa Fasih dabarun magana.

Aikin jarida da siyasa

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuma Imam ne editanta na Hausa na farko. Ya riƙe aikin fiye da shekaru goma, ciki har da zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jama'a ke taruwa a karanta musu labarin fagen fama. Shafin wasiƙu na jaridar ya zama wurin da malamai da ma'aikatan En'e ke bayyana ra'ayinsu.

A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da ta ziyarci Ingila tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, domin a ganinsa Arewa na baya ƙwarai a ilimin zamani. Ya gana da Lord Lugard, ya bayyana masa koke-koken matasan Arewa masu ilimi. Wannan tafiya ce ya ba da labarinta a cikin Tafiya Mabuɗin Ilimi.

Imam na cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma zama ɗan majalisa a farkon shekarun 1950, kafin ya koma aikin hukumar ɗaukar ma'aikata. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1968. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yunin 1981, yana da shekaru 70.

Ra'ayin masu karatu

Ba kowa ne ya yarda da matsayin da ake ba Imam ba tare da tambaya ba. Manazarta, ciki har da Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun nuna cewa yawancin labaran Magana Jari Ce suna da tushe a wasu wurare, kamar Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, da labaran aku na ƙasar Indiya. Ruwan Bagaja ma ya ɗebo daga Maƙamatul Hariri. Saboda haka wasu ke ganin aikin nasa ya fi kusa da fassara.

Masu kare shi kuwa suna cewa gwanintar tana wurin yadda ya mayar da baƙin labari ɗan gida. Ya sa masa sarki da fadawa da alƙali da 'yan kasuwa, ya ɗora masa karin magana da kirari, har mai karatu ba ya jin ƙanshin wata ƙasa.

Muhawarar ta ƙara zafi a shekarun 1990, bayan da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu. Masu sukar sababbin marubutan sun ɗauki Imam ma'auni, suna cewa an bar Hausa mai kyau da tarbiyya. Magoya bayansu suka amsa da cewa idan aro daga waje laifi ne, to Imam ne ya fara, kuma su suna rubutu ne a kan auren dole da kishi da sauran matsalolin da ke damun mutanen zamaninsu.

Abin lura shi ne, duka ɓangarorin biyu da littattafansa suke kafa hujja. Har yau kuma, malamin da ɗalibi ya tambaya inda zai koyi rubuta Hausa mai daɗi, yawanci Magana Jari Ce yake fara miƙa masa.