Labarin Fra Anjeliko, Mai Zane a Ɗakin Ubangiji

An haifi Gido, ɗan Piyetiro, a ƙasar Tuskani ta Italiya wajen shekara ta 1395. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar zane. Daga baya ya shiga jama'ar 'yan'uwan Dominik a garin Fiyesole, aka raɗa masa suna Yohanna. Sunan Anjeliko, watau mai kamar mala'ika, mutane ne suka ba shi bayan mutuwarsa.

A shekara ta 1436 aka ba 'yan'uwan nan gidan San Marko a birnin Fulorens, attajiri Kosimo na gidan Medici kuwa ya ɗauki nauyin sabunta ginin. Can Anjeliko da mataimakansa suka yi zane a bangon ɗakunan kwana wajen 40, kowane ɗaki da abu guda daga cikin rayuwar Almasihu. Ka lura, ya mai karatu: ƙananan ɗakuna ne, a wancan zamani baƙo ba ya shiga, ba mai yabon aikin sai ɗan'uwa guda da ke durƙusawa can shi kaɗai. Duk da haka bai yi ha'inci ba, gama ya sani Ubangiji yana gani a ɓoye.

Vasari, wanda ya rubuta labarin masu zane a 1550, ya ba da labari cewa ba ya fara aiki sai ya yi addu'a, kuma sa'anda ya ke zana gicciyen Almasihu hawaye su kan zubo masa. Shi ne kuma ya ce Paparoma ya so ya naɗa shi babban bishop na Fulorens, amma ya ƙi, ya ce bai iya mulkin mutane ba, ya nuna ɗan'uwansa Antoninus. Antoninus ɗin kuwa aka naɗa a 1446.

Paparoma Yujin na 4 ya kira shi Roma a 1445. Magajinsa, Nikolas na 5, ya sa shi ƙawata ɗakin sujadarsa a Fatikan. A wannan ɗaki mai ado da zinariya ya zana Istifanus da Lorens suna raba dukiyar ikilisiya ga gwauraye, da makafi, da guragu, domin mai gidan ya riƙa ganinsu kowace safiya. Ladan aikin kuwa bai shiga aljihunsa ba, na jama'arsu ne, gama ya yi alkawarin talauci.

Ya rasu a Roma ran 18 ga Fabrairu, 1455, aka binne shi a majami'ar Santa Mariya sopra Minerva.