Sarkin Katsina Muhammadu Dikko

Da yawa daga cikinmu nan Jos kakanninmu daga ƙasar Katsina suka taso, wasu don fatauci, wasu don aikin kuza. Saboda haka ba baƙon labari ba ne idan muka waiwayi sarkin da ya mulke su a lokacin.

An haifi Muhammadu Dikko a 1865, daga gidan Sulluɓawa. Sa'ad da Turawa suka shiga Katsina a 1903, shi ne Durɓi, sarauta kuwa tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaji wanda ya karɓo tuta daga Shehu. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma ba su jitu ba. A 1906 suka tuɓe shi suka ɗora Dikko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. An fitar da sarauta daga gidan da ya riƙe ta kusan shekara ɗari, kuma Nasara ne suka yi naɗin. Sarautar ba ta sake komawa ga Dallazawa ba.

To, amma Dikko ya san inda ya dosa. Shi da jami'in Turawa Palmer suka kafa baitulmali, aka riƙa shigar da haraji a rubuce, ana biyan sarki da hakimai albashi. Daga Katsina tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Mu dai mun san ɗaya gefen: kuɗin harajin nan ne ya sa talaka da yawa ya bar gona da rani ya nufo Bukuru da Barikin Ladi.

A 1921 ya yi aikin Hajji, ya bi ta Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar. Shi ne sarki na farko a Arewa a zamanin Turawa da ya yi Hajji yana kan gadon sarauta. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya kuma yarda a koyar da 'yan mata boko a gidansa, abin da ba kowane sarki zai yi ba a lokacin. Doki kuwa, ba a magana. Shi ya raya wasan folo a Katsina.

Ƙarshen zamaninsa ya zo daidai da yaƙin Hitila, lokacin da daga 1942 Turawa suka riƙa ɗibar mutane ta hannun sarakuna zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Filato, inda sanyi da cuta suka ci rayuka. Allah Ya yi masa rasuwa a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.