Yusaku Kamekura (1915–1997): Mai Zanen da Ya Sabunta Fuskar Japan

Gabatarwa

Ɗaliban adabi kan nazarci abin da aka rubuta, ba kasafai sukan kula da yadda aka tsara shi a bisa takarda ba. Alhali kuwa tsarin zane shi ma harshe ne, kamar yadda dagin Arewa yake isar da saƙo ba tare da baƙi ko wasali ba, ko yadda zayyanar allon almajiri a Mashi ko Daura take shaida cewa ya sauke Alƙur'ani. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar wani Bajapane da ya shahara a wannan fanni.

Tasowarsa

An haifi Yusaku Kamekura a lardin Nigata a shekarar 1915. Ya yi karatu a birnin Tokiyo, a wata makaranta da ke bin tafarkin Bauhaus ta ƙasar Jamus, wadda aƙidarta ita ce a rage ƙawa, a bar siffa da launi su yi magana. A 1938 ya kama aiki a kamfanin Nippon Kobo, mai buga mujallar NIPPON domin tallata Japan a ƙasashen waje. Ke nan ya koyi sana'arsa ne a gidan farfaganda, a zamanin da ƙasarsa take yaƙi da maƙwabtanta.

Babban Aikinsa

Japan ta sha kaye a 1945, sunanta ya ɓaci a idon duniya. Da aka ba Tokiyo damar ɗaukar nauyin wasannin Olamfik na 1964, na farko a nahiyar Asiya, sai aka shiga neman tambarin da za ta fito da shi. Na Kamekura aka zaɓa. Abin da ya zana bai wuce uku ba: babban jan da'ira a bisa farin fili, zobba biyar na Olamfik da launin zinariya a ƙarƙashinsa, sai sunan birnin da shekarar. Jan da'irar nan ita ce ranar da ke jikin tutar Japan. Bai jefar da ita don an yi yaƙi a ƙarƙashinta ba, sai ya ɗora ta a kan alamar zumuncin ƙasashe. A fastarsa ta biyu, ta 1962, ya yi amfani da hoton 'yan tsere suna zabura, kuma wannan ne karo na farko da aka sa hoton kyamara a fastar Olamfik. A waɗannan wasanni ne ɗan dambe Nojim Maiyegun ya ciyo wa Nijeriya lambarta ta farko, ta tagulla.

A 1978 ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Japan, wato JAGDA. A 1983 ya tsara fastar tunawa da Hiroshima, inda aka nuna malam-buɗe-littafi suna faɗowa daga sama suna ci da wuta. Wanda ya fara da tallata ƙasa mai yaƙi, ga shi yana jan kunne game da bam. Ya rasu a 1997.

Kammalawa

Kamekura ya ari dabara daga Turai, amma alamar da ya gina aikinsa a kanta ta gida ce. Masu tsara bangon littattafan Hausa suna da dagi, da zayyana, da adon soraye, da aikin aska na babbar riga. Abin da ya rage shi ne sanin abin da za a ɗauka da wanda za a bari.