Malam Muhammadu Al-Kashinawi, masanin lissafi

Muhammad bin Muhammad Al-Fulani Al-Kashinawi ɗan ƙasar Katsina ne. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammad Al-Wali na Bagirmi, a Cadi ta yau. Bayan ya sauke farali, ya zauna a Alƙahira, inda malamai suka shaida zurfinsa a lissafi da ilimin taurari.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan jera lambobi a gidajen hatimi, yadda jimillar kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, za ta zo ɗaya. Misali, 1 zuwa 9 a gida tara suna ba da 15.

Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Allah ya jiƙansa.