James Watt: Mutumin da ake auna ƙarfin lantarki da sunansa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙwan fitila ko janareta ya ci karo da kalmar wat. Kalmar ta samo asali ne daga sunan James Watt, ɗan ƙasar Scotland da ya kyautata injin tururi.

An haife shi a garin Greenock ranar 19 ga watan Janairun 1736. Saboda yawan laulayi a yarinta, mahaifiyarsa ce ta fara koya masa karatu a gida.

Bayan ya koyi sana'ar ƙera kayayyakin awo a London, ya buɗe shago a Jami'ar Glasgow a 1757.

A can ne aka ba shi gyaran wani ɗan ƙaramin samfurin injin Newcomen, irin wanda ake janye ruwa da shi daga ramukan haƙar ma'adinai tun 1712.

Watt ya lura cewa injin yana ɓarnar makamashi mai yawa. A kowane bugu sai an watsa ruwan sanyi cikin silinda domin tururi ya koma ruwa, sa'an nan a sake ɗumama ta. Galibin zafin kwal ɗin da ake ƙonawa a nan yake salwanta.

A 1765 ya gano mafita: a riƙa sanyaya tururin a wani mazubi na daban, ita kuwa silindar a bar ta da zafinta. Ya samu takardar mallakar wannan fasaha a 1769.

Sai dai kuma aikin bai zo masa da sauƙi ba. Rashin kuɗi ya tilasta masa yin shekaru yana aikin safiyo na hanyoyin ruwa. Mai ɗaukar nauyinsa, John Roebuck, ya karye, kuma matarsa ta farko ta rasu a 1773.

Al'amura sun sauya ne bayan da ya haɗa gwiwa da attajirin Birmingham, Matthew Boulton, a 1775, shekarar da majalisar dokokin Birtaniya ta tsawaita wa'adin takardarsa zuwa 1800.

Masu haƙar kuza da tagulla a yankin Cornwall, inda kwal ke da tsada, sun rungumi sabon injin. Kamfanin kan karɓi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da injin ya rage musu.

Masu masana'antu da dama a lokacin da dawakai suke juya injinansu, don haka Watt ya nemi ma'aunin da za su fahimta. Ya ƙiyasta cewa doki na iya ɗaga nauyin fam 33,000 zuwa tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya, ya kira wannan ƙarfin doki ɗaya.

Ma'aunin ya fayyace bambancin da ɗaliban kimiyya ke koya har yau. Aiki shi ne a yi amfani da ƙarfi a gusar da abu zuwa wani nisa. Makamashi shi ne abin da ake kashewa wajen yin aikin. Ƙarfin inji kuwa shi ne yawan aikin da yake yi cikin wani ƙayyadajjen lokaci.

Wat ɗaya ya kai kimanin ƙarfin da ake buƙata a ɗaga nauyin giram 100 zuwa tsayin mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin doki ɗaya kuma daidai yake da kimanin wat 746.

Watt ya yi ritaya a 1800, ya rasu ranar 25 ga watan Agustan 1819 a Handsworth, kusa da Birmingham, yana da shekaru 83.

A 1960 aka shigar da wat cikin tsarin ma'aunai na ƙasa da ƙasa.